Zuwa Faransa karatu ba cin amana ba ne, amma ka san gidan da za ka shiga

Ƙanena, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ba ka ɓoye mini abin da ke ranka ba. Ka ce ka gama lisans ɗinka na tarihi a Yamai, kana son yin mastar a Faransa, amma abokanka sun tasa ka gaba suna cewa wanda ya fita zanga-zangar korar sojojin Faransa a 2023 ba shi da bakin neman bizar Faransa. Sannan ka jefo mini tawa, cikin ladabi dai, amma ta shiga: yaya ni da ba na gajiya da sukar mulkin mallaka nake zaune a Marsey ina neman abinci?

Abokanka sun ɗauka Faransa mutum ɗaya ce mai zuciya ɗaya. Ba haka ba ne. Akwai Faransar bankuna da kamfanoni da manyan hafsoshi, wadda ta ci ƙasarmu, akwai kuma Faransar 'yan dako da masu shara da malaman makaranta, waɗanda masu dukiyar nan ɗin dai suke tatsa, ko da yake ba irin tatsar da aka yi mana ba. Wanda bai raba su ba, ko dai ya tsani duk wani Bature, ko kuma ranar da ya sauka ya ga jirgin ƙasa da fitilu ya manta duk abin da ya karanta. Na ga iri biyun nan da yawa, kuma na biyun sun fi yawa.

Garin da nake ciki shi kansa darasi ne. In ka fito daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Saint-Charles, akwai wani makeken matakala da ke gangarawa cikin gari. A gindinsa an sassaƙa mata biyu a kishingiɗe, ɗaya an ce ita ce ƙasashen mallaka na Afirka, ɗaya na Asiya, kayan gona zube kewaye da su. Har yau suna nan. A wannan gari aka kafa kamfanin CFAO a 1887, wanda kakanninmu suka san kantunansa. Masana'antun mai da sabulu na Marsey da gyaɗar Afirka ta Yamma suka yi ƙiba. Manomin Maradi ko Damagaram ba wai sha'awar gyaɗa ce ta kama shi haka kawai ba. An ɗora masa haraji, an ce sai da kuɗin Bature zai biya, kuɗin kuwa ba ya samuwa sai ya noma abin da Bature ke saye, a farashin da Bature ya yanka. Ka ga ba a buƙatar bulala kullum, takardar haraji ta wadatar.

Amma kafin takarda, bulalar da wuta suka fara zuwa. Kai ɗalibin tarihi ne, ka san abin da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta yi a 1899: yadda ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, yadda ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe jama'a, rijiyoyi cike da gawa. Abin da nake so ka duba shi ne yadda maganar ta ƙare. Labari ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓi jagoranci, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli kusa da Dankori. Bayan 'yan kwanaki sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya suka kashe su biyun a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. To sai me? Ragowar rundunar ta ci gaba da tafiyarta, ta kama Damagaram kafin watan ya fita. Faransa ba ta mayar da ko taku ɗaya na ƙasar da aka ci da wannan ta'asa ba. Aka rufe bincike, aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Abin da ya girgiza Paris a lokacin, Bature ne ya harbi Bature. Mutanen Ƙonni kuwa ba a ko ƙidaya su yadda ya kamata ba. Wannan salo, na ɗora laifi a kan mahaukata biyu a riƙe ribar, za ka same shi a Kwango ta Sarki Leopold, za ka same shi a kurkukun Abu Ghraib a Iraƙi. Masu mulkin mallaka ba su taɓa rasa wanda za su kira mahaukaci ba.

Daga nan ka tsallaka zuwa 1958. An gano yuraniyom a Azelik a 1957. Shekara ɗaya bayan haka de Gaulle, jagoran Faransa, ya kawo ƙuri'ar raba gardama kan ci gaba da zama tare da Faransa, Djibo Bakary, shugaban gwamnatin Nijar na lokacin, da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a jefa a'a, kamar yadda Sékou Touré ya yi a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, aka haɗa kai da sarakuna, i ta ci, aka kawar da Djibo, a 1959 aka haramta Sawaba. Kamfanin Somair ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ya biyo baya. Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, wanda Faransa ta ɗora da hannunta, da ya fara neman a ƙara farashin yuraniyom bayan tashin farashin man fetur na 1973, bai kai ƙarshen tattaunawar ba soja suka kifar da shi a Afrilun 1974. Masana na gardama kan ko da hannun Paris a ciki. Sojojin Faransa dai suna Yamai a daren, kuma ba su motsa ba.

A nan bari in ja kunnenka, tunda masani kake son zama. Abin da ake yawo da shi a Facebook, wai in Nijar ta rufe Arlit Faransa za ta kwana cikin duhu, ba gaskiya ba ne. Faransa na sayen yuraniyom daga Kazakistan da Uzbekistan da Ostareliya da wasu wurare, kuma tun da aka ɓata da Yamai fitilar gidana ba ta ɗauke ba. Gaskiyar ta fi wannan ƙarya ɗaci. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nukiliya take, ƙasar da aka kwashe shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a cikinta kuwa, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Cominak ta rufe a 2021, ta bar tsibin dattin ma'adinai mai guba a bakin gari. Wannan ya ishe ka hujja. Ranar da ka ƙara gishiri a gaban malamin da ya san alƙaluma, ka zubar da gaskiyarka tare da ƙaryar.

Yanzu ɗaya Faransar. A tashar jiragen ruwan Marsey ɗin nan, a 1949 da 1950, 'yan dako suka ƙi loda makaman da za a kai yaƙin Indochina, aka kori da yawa daga aiki saboda haka. Ranar 17 ga Oktoban 1961 'yan sandan Paris ƙarƙashin Maurice Papon suka karkashe 'yan Aljeriya masu zanga-zanga, aka jefa wasu cikin kogin Seine. Watanni huɗu bayan haka, a tashar Charonne, 'yan sandan nan dai suka yi sanadin mutuwar mutum 9 da suka fito neman a daina yaƙin Aljeriya, kusan dukansu 'yan ƙungiyar ƙwadago ta CGT. Waɗanda suka je Arlit da na'urori tun 2003 suka auna gubar da ke ruwa da ƙasa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen garin, wani ɗakin bincike ne mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD. Waɗannan ma Faransawa ne.

Kada ka ɗauka ina wanke 'yan gurguzun Faransa. Gwamnatin ɗan gurguzu Guy Mollet ce ta nemi iko na musamman a Aljeriya a 1956, jam'iyyar kwaminis kuma ta ɗaga mata hannu a majalisa. Mitterrand ne ministan shari'a lokacin da ake sare kawunan 'yan gwagwarmayar Aljeriya, shi ne kuma shugaban ƙasa lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, albashin Baba ya wayi gari ba ya sayen rabin abin da yake saye na kayan waje. Da yawa daga masu kiran kansu 'yan hagu a nan, adalcinsu a bakin teku yake tsayawa. Za ka haɗu da su a jami'a, masu fara'a ne, za su so su yi maka bayanin Afirka.

Ga amsar da za ka ba abokanka. Jami'ar da ka gama, sunan wa take ɗauke da shi? Abdou Moumouni, ɗan Tasawa. A Paris ya yi karatun kimiyyar lissafi da fiziks, yana cikin jagororin ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, FEANF, wadda aka kafa a 1950 ta zame wa masu mulkin mallaka ƙaya. Ya koma gida ya ƙarar da rayuwarsa kan binciken wutar hasken rana. Wa zai ce ya ci amana? Lamine Senghor, ɗan Senegal, sojan Faransa ne da hayaƙi mai guba ya lalata wa huhu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ne ya tsaya a taron adawa da mulkin mallaka a Brussels a 1927 ya tona asirin Faransa. Ho Chi Minh na Vietnam a Paris ya koyi siyasa. Inda mutum ya zauna ba shi ke nuna ɓangarensa ba, sai abin da ya yi da zaman.

Sai dai ka san abin da ke jiranka. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai rufe yake tun farkon 2024, don haka maganar biza ta ƙara tsauri ga ɗan Nijar. Tun 2019 aka ƙaƙaba wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba kuɗin makaranta na daban, a lokacin yuro 2,770 a shekara ga lisans, 3,770 ga mastar, wato kusan sefa miliyan biyu da rabi, alhali ɗan ƙasa na biyan 'yan ɗaruruwa. Wasu jami'o'in sun yi ta yafe wa baƙi wannan ƙari, don haka ka tambayi kowace jami'a a rubuce kafin ka sa rai. A 2024 dole ne ɗalibi ya nuna yana da aƙalla yuro 615 a wata, sama da jaka 400 ke nan, kuma a babban gari rabin wannan ko fiye ɗaki ne zai cinye. Doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin awa 964 a shekara. Aikin kuwa ka san shi: wanke-wanke a gidan abinci, gadi, kai saƙon abinci a keke cikin sanyi. Ɗakin da mai ƙaramin ƙarfi ke samu ma abin tsoro ne. A Nuwamban 2018 gidaje biyu suka rufta a titin Aubagne, tsakiyar Marsey, mutum 8 suka mutu, an kuma daɗe da sanin gine-ginen sun ruɓe. Ga sabunta takardar zama, wanda kan sa babban mutum ya kasa barci.

Ka lura da abu ɗaya a nan. Yuraniyom da auduga da zinariya ba a tambayarsu biza. Mutum ake tambaya. Har Agadas Turai ta kai iyakarta, da dokar 2015 da ta sa aka riƙa kama direbobin da ke ɗaukar matafiya, sai da aka soke ta a Nuwamban 2023. Kuma ba wai ba a son aikin baƙo ba ne. Ana son sa sosai, amma a tsorace, don mai tsoron kora ba ya neman ƙarin albashi. Shi ya sa na shiga ƙungiyar ƙwadago, shi ya sa kuma nake ce maka duk aikin da ka samu, ko na 'yan awoyi ne, ka riƙe takardun albashinka, ka san ofishin ƙungiya mafi kusa. Wasu mata 'yan Afirka masu gyaran ɗakuna a wani otal na unguwar Batignolles a Paris sun yi wata 22 suna yajin aiki, daga 2019 zuwa 2021, suka ci nasara. Ɗaya daga cikinsu, Rachel Keke, haifaffiyar Kodebuwa, ta shiga majalisar dokoki a 2022.

Game da gida kuwa, na yi murna da sojojin Faransa suka tattara a Disamban 2023, na Amurka suka bar sansanin Agadas a 2024. Amma saukar da tuta ba shi ne ƙarshen magana ba. In Rasha ko Sin ko Turkiyya suka karɓi ma'adinan nan bisa yarjejeniyar da talaka bai gani ba, ma'aikacin Arlit yana shaƙar ƙurar nan dai, ɗan jarida da ɗan ƙwadago ba su da bakin tambaya, to an gudu ba a tsira ba. Tambayar da nake yi wa kowace gwamnati, mai kaki ko mai babbar riga, ita ce: kuɗin ina suka shiga, wa ya sa hannu, wa ke da ikon dubawa?

Shawarata, ka nemi Faransa, amma kada ta zama ƙofa ɗaya. Manyan takardun mulkin mallaka suna Aix-en-Provence, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga nan, sai dai takardun gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar aka bar su, kuma jami'ar Cheikh Anta Diop na da sashen tarihi mai ƙarfi, rayuwa kuma da sefa. Zariya ma tana kusa da kai, inda marigayi Yusufu Bala Usman ya horar da masana tarihi da ba sa karɓar maganar Bature ba tare da bincike ba, in za ka iya jure koyon Ingilishi. Kada ka sayar da gonar gado don biza, kada kuma ka ba kowane dillali ko dala da sunan zai samo maka gurbin karatu, jami'a kai tsaye ake nema. Turo mini sakamakonka da taken binciken da kake tunani, in nuna wa wani malami da na sani a nan ya faɗa mana ko akwai mai kula da irin wannan aiki. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya.