Gajerun hanyoyin madannai a Figma

Ka yi tambaya kan yadda za ka rage yawo da linzami (mouse) yayin zana fuskar manhaja a Figma. Shawarata ita ce ka fara da madannan zirga-zirga, domin a nan lokaci ya fi salwanta. Idan ka riƙe Space kana jan linzami, filin aikin zai bi hannunka. Shift da 1 suna nuna maka dukkan zanen, Shift da 2 kuma suna kusanto da abin da ka zaɓa har ya cika allo.

Wanda na fi amfana da shi shi ne Enter. Idan rubutu yana cikin maɓallin da ka zana, maɓallin kuma yana cikin kati, Enter zai shigar da kai ciki mataki-mataki, Shift da Enter su fito da kai, ba sai ka yi ta lalube a jerin da ke gefen hagu ba. Riƙe Ctrl ka danna abu, kai tsaye za ka kama shi komai zurfinsa. Masu kwamfutar Mac su yi amfani da Cmd a maimakon Ctrl.

Haruffan kayan aiki, irin su V na zaɓar abu da matsar da shi, T na rubutu da R na zana akwati mai kusurwa huɗu, hannu zai saba da su da kansa cikin 'yan kwanaki.