Amsa: Ko gashi zai taimaki mai ciwon dajin magudanar matsarmama?

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce likitoci sun ce aiki ba zai yiwu ba, sun kawo shawarar gashi, wato a riƙa gasa ƙarin dajin da haske mai ƙarfi daga na'ura (radiotherapy), kina tambaya ko zai warke da shi.

Idan ba a iya yanke ƙarin ba, da wuya gashi ya kawar da cutar gaba ɗaya. Amfaninsa shi ne ya rage saurin girman ƙarin, ya sassauta zafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ciwo ya hana barci.

Ni abin da na fi damuwa da shi shi ne ciwon shawara da ya sa idanunsa suka yi rawaya. Sau da yawa sai an fara sa siririn bututu a magudanar da ta toshe, ruwan matsarmama ya sami hanya, ƙaiƙayi ya lafa, kafin a fara sauran magani. Jigon maganin ma allurar gemcitabine da cisplatin ce, magungunan kashe ƙwayoyin daji, tun 2022 kuma ana ƙara durvalumab, mai taimaka wa garkuwar jiki ta yaƙi dajin. Gashi yana tallafa musu ne.

Ki tambayi likita wane irin gashi za a yi. Na yau da kullum kwana 5 ne a mako, har mako 5 ko 6. Akwai mai ƙarfi da ake saitawa kan ƙarin, zama 3 zuwa 5, amma idan ƙarin ya matso hanji yana iya jawo gyambo. Kasala da tashin zuciya kuwa, ku sa ran ganinsu.

Idan zazzaɓi da rawar sanyi suka taso masa, ku kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.