Ƙawata ta koma shayin rage ƙiba da amai a ɓoye

TAMBAYA: Anti, ina aji biyu a jami'a, mu huɗu ne a ɗaki. Tun ranar da wata ta ce wa ƙawata "kin fara teɓa" a gaban mutane wajen biki, ta canza. Da safe shayin rage ƙiba, da rana ta ce azumi take, da dare kuma ta cinye Indomie uku a tsaye, sannan ta shige banɗaki ta saki famfo. Sau biyu na ji kakarin amanta. Kowa sai yabonta yake, wai ta yi kyau. Ni tsoro nake ji. Ya zan yi?
Wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Ƙanwata, Allah Ya saka miki da kika sa ido. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon da likitoci ke kira bulimiya: mutum ya hana kansa abinci har yunwa ta ci ƙarfinsa, ya ci fiye da kima, sannan kunya da nadama su sa ya tilasta wa kansa amai. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ana warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da irin waɗannan matsalolin cin abinci, don haka kada wani ya ce miki iyayi ne ko ciwon Turawa.

Shayin nan ya fi damuna. Da yawa daga cikinsu akwai ganyen dangin filasko a ciki, wanda kakanninmu ke sha don wanke ciki. Zawo yake sa wa. Ruwan jiki ne ke zubewa, kitsen yana nan inda yake. In aka haɗa da amai kullum, sinadarin fotashiyam ya ragu a jini, bugun zuciya ya rikice, yarinya tana tafiya lakca sai ta yanke jiki ta faɗi. Ruwan cikin da ke fitowa da aman kuma yana cinye haƙora, kumatu su kumbura.

Na zauna a hostel, na san hirar ɗaki. Wannan ta tsaya gaban madubi tana matse tumbi, waccan tana alfaharin tun jiya ba ta sa komai a baki ba, siririyar cikinku kuma ana yi mata dariya har ta je neman maganin ƙara ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Ku daina. Duk "kin yi kyau da kika rame" da ake faɗa wa ƙawarki, itace ake ƙara wa wutar.

Ki same ta ku biyu kawai, ba lokacin cin abinci ba. Kada ki ambaci jikinta, kada ki yi mata wa'azi. Ce mata, "Na ji ki a banɗaki, hankalina ya tashi, zo in raka ki asibiti." Wataƙila ta musa, ko ta yi fushi. Ki bari kwana biyu ki sake tuntuɓarta. Ku fara da asibitin makaranta a duba jininta, daga nan a tura ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

In ta suma, ko kika ga jini a amanta, ko ta ce ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, ranar nan ba maganar rufin asiri. Ki kai ta asibiti nan take, ki kira mahaifiyarta.