Filin Amsoshinku: Ina dokar shaida take a karatun shari'a na Nijar?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu, sashen shari'a na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Ɗan kawuna yana karatun lauya a Sakkwato, suna da darasi guda sukutum a kan dokar shaida kaɗai. Mu kuwa malaminmu ya ce a shari'ar laifi kowace hujja ana iya kawo ta, alƙali ya yanke hukunci da abin da zuciyarsa ta gamsu da shi. To me ya rage mu karanta? Ko dai an bar mu a baya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ba a bar ku a baya ba, hanya ce kowa da tasa. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, shi ya sa take da dokar shaida mai zaman kanta, wadda aka sabunta a 2011, tana tantance abin da za a kai gaban alƙali da wanda ba za a kai ba. Mu tsarin Faransa muka gada. Ƙa'idojin hujja suna cikin kundin hanyoyin shari'ar laifi, wanda aka fara kafawa a 1961 aka kuma yi masa gyara sau da dama, kuma a darasin wannan kundin za ka same su.

Malaminka ya faɗi gaskiya, sai dai rabin maganar ka riƙe. Alƙali ba ya da ikon dogara da komai sai abin da aka baje a gabansa, ɓangarorin biyu suka yi ja-in-ja a kai. Wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwa yana wuyan mai gabatar da ƙara. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ka, tun a makarantar zaure ka ji cewa hujja tana kan mai da'awa. In kokwanto ya rage, mai kare kansa ne ke cin moriyarsa.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne amsa laifi. Na yi shekaru ina aikin rubutu a kotu nan Yamai, kuma akwai wata shari'a da har gobe take raina. Wani matashi aka kawo kan satar moto. Takardar bincike, wadda kowa ke kira PV, ta ce ya amsa, ga dangwalen yatsansa a ƙasa. Yaron ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya. Da alƙali ya sa tafinta ya maimaita masa abin da ke rubuce, sai ya zabura: "Ni cewa na yi na ɗauka, ban ce na sata ba!" Ashe moton na maigidansa ne, ya saba aikensa da shi, ranar ce dai ya kai tasa matar asibiti bai nemi izini ba. An kira maƙwabta biyu suka shaida. Tsakanin "ɗauka" da "sata" gidan kaso ne, kuma a wurin juya Hausa zuwa Faransanci aka ɓatar da bambancin.

Saboda irin wannan ne doka ta ce amsa laifi hujja ce kamar sauran, alƙali ya auna ta, kuma a galibin laifuka PV bayani ne kawai, ba ya ɗaure alƙali. Dole ka san wane ne ya rubuta shi, a wane hali, ko an mutunta awa 48 na tsarewar farko, ko an bar lauya ya halarta, tunda ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga kamu. Ka san aikin alƙali mai bincike, wanda aka ɗora wa neman abin da zai kama mutum da abin da zai wanke shi, duka biyu. Ka san dalilin da ake sauraren shaidar iyayen wanda ake tuhuma da ta ƙananan yara ba tare da rantsuwa ba.

Littafi kaɗai ba zai koya maka awon nan ba. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Ranar da ba ka da darasi, ɗauki kundinka da biro ka tafi babbar kotun Tawa, ka zauna kusa da tafinta, ka rubuta abin da mutum ya faɗa da Hausa da abin da ya isa kunnen alƙali. Bayan wata guda ka sake rubuto mini abin da ka gani.