Tambayi Likita: Takalmi na tayar min da bororo

TAMBAYA: Salam Likita, barka da ƙoƙari. Na samu aikin gadi, wuni nake cikin sabon takalmi sau-ciki, yanzu dunduniyata ta yi bororo ta ɗuri ruwa har ɗingishi nake. Abokan aiki sun ce in sa reza in ɓare fatar. In yi? Kuma ya zan yi ya daina dawowa?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ajiye rezar nan. Fatar da ta taso ita ke tare ƙwayoyin cuta, kana ɓare ta ka buɗe musu ƙofa. Wanke wurin da sabulu, ka rufe da filasta, yawanci cikin kwana 3 zuwa 7 ruwan zai shanye da kansa. In kuma ya yi girma ba ka iya takawa, to a goge allura da sifirit a huda gefe ruwan ya tsiyaye, amma a bar fatar a kwance.

Abin da ke kawo shi guga ce, ƙafa na zamewa cikin takalmi ana ta murza wuri ɗaya har fatar sama ta rabu da ta ƙasa ruwa ya taru, kuma in da gumi abin ya fi sauri. Shi ya sa ni na fi zargin safa. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe, nemi ta ulu ko ta nailan, ko ka sa siririya ka ɗora wata a kai, in ta jiƙe ka canza. Ɗaure igiya sosai kar dunduniya ta riƙa tashi. Sabon takalmi a hankali ake sabawa da shi, kuma da yamma ake gwadawa tunda ƙafa kan ɗan kumbura, ka bar filin faɗin babban yatsan hannu a gaba. Da ka ji wuri ya fara zafi-zafi tsaya ka manna filasta, kar ka jira sai an tashi aiki.

Ka ga mugunya, ko ja yana yaɗuwa, ko kaluluwa da zazzaɓi, sai asibiti. Mai ciwon suga kuwa kar ma ya huda, jijiyoyin ƙafarsa ba su cika jin ciwo ba, ɗan bororo sai ya zama gyambo bai sani ba, ya kai wa likita tun ranar.