Tambaya da Amsa: Yadda Ake Hasashen 'Yan Takarar Oscar, da Abin da Ya Kayar da Conclave

Wasiƙun wannan karon sun fi karkata ga kakar rabon kyaututtukan fina-finai ta Amurka, wadda ke kankama daga ƙarshen watan Agusta zuwa daren bikin Oscar. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk shekara nakan ga masu sharhi suna jera sunayen waɗanda za su shiga takarar Oscar tun kafin a sanar, kuma galibi su dace. Satar amsa ake ba su, ko akwai hanyar da suke bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babu satar amsa. Kamfanin akantoci na PwC ne ke ƙirga ƙuri'un, kuma ba ya fasa ƙwai kafin ranar sanarwa. Abin da masu hasashe suka riƙe shi ne sanin masu zaɓen da yadda ake ƙirga zaɓinsu.

Hukumar da ke ba da Oscar tana da mambobi sama da 10,000, an kasa su reshe-reshe bisa sana'a: 'yan wasa, daraktoci, marubuta, masu ɗaukar hoto, masu tace fim, masu kiɗa da sauransu. A zagayen fitar da 'yan takara, kowane reshe nasa yake zaɓa. 'Yan wasa su fitar da jarumai, daraktoci su fitar da daraktoci. Rukunin gwarzon fim kuwa kowa na da ƙuri'a a ciki, kuma tun daga bikin 2022 gurabensa goma ne cif. Sauran manyan rukunan biyar-biyar ne.

Wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne ƙirgar. Mai zaɓe ba suna ɗaya yake rubutawa ba, jerawa yake yi daga na ɗaya zuwa na biyar. Ana fara tara takardun bisa sunan da ke saman kowace takarda. Idan gurabe biyar ake nema, sai a raba yawan takardun gida shida a ƙara ɗaya. A misali, in takardu 1,200 ne suka shigo, wanda ya samu 201 ya shige. Daga nan a cire wanda ya zo ƙarshe, a mayar da takardunsa ga sunan da ke biye a kowace takarda, a ci gaba da haka har gurabe su cika.

Ka ga ke nan jarumin da kowa ya sa a na huɗu ko na biyar yana iya faɗuwa, alhali wanda 'yan tsiraru suka mace a kansa suka sa shi na ɗaya ya kai bantensa. Haka Andrea Riseborough ta shiga takarar jaruma a 2023 da ƙaramin fim ɗin To Leslie, wanda kusan ba a kalle shi a sinima ba. Manyan 'yan wasa ne suka yi ta tallata ta a tsakaninsu ana dab da rufe zaɓe, har abin ya sa hukumar ta sake duba dokokin kamfe. Don haka in kana hasashe, tambayar da za ka yi wa kanka a kan kowane suna ita ce: su wa za su rubuta wannan a saman takarda?

Tambaya: Ni ma ina so in gwada nawa hasashen. Daga ina zan fara, kuma wace kyauta ce ta fi nuna inda aka dosa?

Amsa: Malama, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan harka ita ce bukukuwan baje kolin fina-finai. Ki buɗe takarda tun watan Mayu ki rubuta wanda ya lashe babbar kyautar Cannes ta Faransa. Parasite a 2019 da Anora a 2024 duk daga nan suka taso har suka zama gwarzon fim a Oscar. Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba kuma bukukuwa uku ne ke bin juna: Venice a Italiya, Telluride a Amurka, Toronto a Kanada. A Toronto ki sa ido kan kyautar da 'yan kallo ke zaɓa da kansu, domin Slumdog Millionaire, The King's Speech, 12 Years a Slave, Green Book da Nomadland duk sun ɗauke ta kafin su ɗauki Oscar. A wannan matakin ki tara fina-finai kamar 20, kada ki yi saurin yankewa.

A Disamba ƙungiyoyin masu sharhi na New York da Los Angeles ke fitar da nasu, hukumar Oscar kuma ta saki taƙaitaccen jerin wasu rukunai, irin su fim ɗin ƙasashen waje, kiɗa, sauti da kwalliya. Wannan jerin yana da amfani fiye da yadda ake zato. Fim ɗin da ya bayyana a wurare huɗu ko biyar a ciki, alama ce mambobi sun kalle shi da gaske.

Sai ki auna kowace kyauta da ma'auni guda: shin masu zaɓenta suna cikin masu zaɓen Oscar? Golden Globe tana da armashi da kwarjini, amma 'yan jarida ne ke zaɓa, kuma ta raba fina-finai gida biyu, na wasan kwaikwayo zalla da na barkwanci ko waƙa, don haka sunayenta sun fi guraben da ke akwai a Oscar yawa. Amfaninta shi ne ta sa mambobi su ɗauko fim ɗin da suka ajiye. Waɗanda suka fi nauyi su ne na ƙungiyoyin 'yan sana'ar: ta furodusoshi wato PGA, ta daraktoci wato DGA, ta 'yan wasa wato SAG, sai BAFTA ta Birtaniya, wadda mambobinta da dama suna cikin hukumar Oscar. Fim ɗin da ya fito a jerin goma na PGA, ya kuma samu shiga a DGA ko BAFTA, ki rubuta shi da biro. Yawanci gurabe bakwai ko takwas haka suke cika, ragowar biyu ko uku ne ake kokawa a kai.

Kuskure biyu sun fi yawa. Na farko, kwafe jerin DGA gaba ɗaya zuwa rukunin darakta. Reshen daraktoci na Oscar ƙarami ne, kuma tun bayan ƙorafin 2015 da 2016 kan rashin baƙaƙen fata a takara, hukumar ta ɗebo mambobi da yawa daga wajen Amurka. Shi ya sa kusan kowace shekara wani daga waje ke kutsowa: Paweł Pawlikowski a 2019, Thomas Vinterberg a 2021, Ryusuke Hamaguchi a 2022, Justine Triet a 2024. Ki bar wa irinsu gurbi ɗaya. Na biyu, ɗauka cewa kuɗin da fim ya tara a kasuwa zai ja kowa nasa. Barbie ya fi kowane fim ciniki a 2023, ya kuma shiga takarar gwarzon fim, amma Greta Gerwig ba ta samu gurbin darakta ba, Margot Robbie ma ba ta samu na jaruma ba.

Tambaya: Na kalli Conclave, na ji ya lashe gwarzon fim a BAFTA da kyautar tawagar 'yan wasa ta SAG. Ya aka yi ya tashi da Oscar ɗaya tak? Kuma a ganinku ya cancanci fiye da haka?

Amsa: Ɗan'uwa, ga waɗanda ba su gani ba: fim ne na Edward Berger da ya fito a 2024, an ɗauko shi daga littafin Robert Harris. Fafaroma ya rasu, an kulle kadinoli a Batikan su zaɓi magaji, kuma sai ɗan takara ya samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Ralph Fiennes ne ya fito a Kadinal Lawrence, wanda nauyin gudanar da zaɓen ke wuyansa alhali shi kansa yana fama da shakka a zuciyarsa.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙananan abubuwa. Kyamara tana tsayawa kan hannaye: yadda ake cire zoben mamacin, yadda ake ɗaure ƙofar ɗakinsa da jan ƙyalle a narka kakin hatimi a kai, yadda ake soke kowace takardar ƙuri'a da allura a zura ta a zare kafin a ƙone. Masu sauti sun bar numfashin Lawrence a kusa da kunnen mai kallo, ta yadda kana jin nauyin da ke ƙirjinsa tun kafin ya buɗe baki. Fiennes bai yi ihu ba, bai yi kuka mai tsuma ba, da runtse ido da haɗiye magana ya gina mutumin, kuma mu a wurinmu wannan na cikin mafi kyawun aikinsa. Isabella Rossellini 'yan mintuna kawai ta yi a matsayin Sista Agnes, amma tsayuwarta a ɗakin cin abinci, ta faɗi abin da maza suka kasa faɗa sannan ta ɗan rusuna ta wuce, ya isa ya kai ta takara. Lucian Msamati ma ya ba da tausayi a matsayin Kadinal Adeyemi, wanda ya yi gaba a ƙuri'u kafin wani tsohon sirri ya kayar da shi.

Inda ya gaza kuma a fili yake. Labarin yana tafiya a kan tsari guda: ɗan takara ya taso, a tono masa asiri, ya faɗi, wani ya taso. Zuwa na biyu mai kallo ya gane salon. Kadinal Tedesco, mai ra'ayin riƙau, an zana shi da kauri har ya zama kamar alama maimakon mutum, don haka muhawarar da ya kamata ta yi zafi tsakanin ɓangarorin biyu ta zo da sauƙi. Kiɗan Volker Bertelmann yana da ƙarfi, amma a wasu wurare yana riga labarin tsorata ka. Sirrin ƙarshe kuwa, wanda ba za mu fallasa ba, an sauke shi ana saura 'yan mintuna a tashi, ba a ba shi filin da zai zauna a zuciya ba, kuma ya raba kan masu kallo sosai.

A takara ya samu gurabe takwas, har da gwarzon fim, jarumi, tacewa da kiɗa. Amma alamar rauni ta fito tun ranar sanarwa, 23 ga Janairun 2025: babu Berger a cikin daraktoci biyar. Ana iya lashe gwarzon fim ba tare da wannan gurbin ba, kamar yadda Argo ya yi a 2013, Green Book a 2019 da CODA a 2022, sai dai abu ne da ba a cika gani ba.

A zagayen ƙarshe kowa na zaɓe a kowane rukuni, kuma mai rinjaye ne ke ɗauka, ban da gwarzon fim. Shi ana jera goman ne, sai an samu wanda ya haura rabi. Ɗauki takardu 100: fim na farko 40, na biyu 35, na uku 25. A cire na uku, in 18 daga masoyansa sun sa na biyu a gaba, bakwai suka sa na farko, to na biyu ya tashi da 53, na farko da 47. Wannan lissafin ne ya sa wasu suka yi wa Conclave zaton nasara, tunda fim ne da ba kowa ke ƙinsa ba. Abin da suka yi wa kallon sakaci shi ne PGA, wadda ke ƙirga nata da irin wannan tsarin, kuma Anora ta ba. DGA da ƙungiyar marubuta ma Anora suka ba. Nasarar BAFTA kuwa a gida aka yi ta, domin fim ɗin na Birtaniya ne. A daren 2 ga Maris 2025 Anora ya kwashi biyar, Conclave ya samu ta rubutun da aka ɗauko daga littafi, wadda Peter Straughan ya karɓa. Hukuncinmu: wannan kyautar ta dace da shi, kuma da ya haɗa da ta tacewa da ba a yi zalunci ba, amma bai kai gwarzon shekarar ba.

Tambaya: Wa ke yanke cewa wane babban jarumi ne, wane kuma mataimaki?

Amsa: Masu zaɓe ne, Hajiya. Kamfani yana tallata ɗan wasansa a rukunin da ya ga ya fi sauƙi, amma mambobi na iya yin gaban kansu. An tallata Kate Winslet a matsayin mataimakiya a The Reader, suka kai ta babbar jaruma, ta kuma lashe a 2009. LaKeith Stanfield an tallata shi a babban jarumi a Judas and the Black Messiah, ya ɓullo a mataimaki a 2021. Haɗarin shi ne ƙuri'un mutum su rabu tsakanin rukunan biyu ya tashi a tutar babu, don haka duk sunan da ake gardamar rukuninsa ki saukar da shi mataki ɗaya a jerinki.

Tambaya: Akwai fim ɗin da zai yi kyau amma a hana shi shiga tun farko?

Amsa: Ƙwarai, Malam, kuma wannan ne abin da ya kamata a fara dubawa. Dole fim ya wuce minti 40, a nuna shi a sinima kwana bakwai a jere cikin shekarar, a ɗaya daga manyan biranen Amurka shida da aka ware, ciki har da Los Angeles, New York, Chicago da Atlanta. Mai neman gwarzon fim yana da ƙarin sharaɗi tun daga fina-finan 2024: wasu kwana bakwai a kasuwanni goma daga cikin manyan 50 na ƙasar, cikin kwana 45 da fitowarsa, sannan, tun daga fina-finan 2023, ya cika biyu daga ƙa'idoji huɗu na damawa da kowane jinsi da launi.

Rukunin ƙasashen waje dokarsa daban: kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa, kuma fiye da rabin maganar ciki ya zama ba Turanci ba. A kan wannan aka cire Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019. Daga waɗanda suka tsallake ake tace 15 a Disamba, sannan biyar a Janairu.