Da-na-sani, Alkunya da Ɗan Kuka: Amsar Tambayoyinku

Saƙonni uku na ware a wannan mako. Duk daga nan Legas suke, kuma duk a kan 'ya'ya.

Na farko daga wata baiwar Allah ce a Idi-Araba. Ta ce: "Malam, 'ya'yana biyu, ƙaramin bai cika wata huɗu ba. Ɗaki ɗaya muke haya. Maigidan yana fita kasuwar Mile 12 tun kafin asuba, sai bayan isha'i ya dawo. Wani dare yaron ya ƙi barci, sai na ji bakina ya ce 'da na sani'. Tun ranar nake tsoron kalmar nan. Nadamar haihuwarsa na yi ke nan?"

Allah ya raya miki su, 'yar'uwa. Da-na-sani guntun zance ne da aka mayar da shi suna. Cikakkensa shi ne "da na sani, da ban yi kaza ba". Bahaushe ya yanke rabi na biyu ya bar na farko, kowa ya cika da abin da ke ransa. Shi ya sa aka ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take: sai abu ya wuce take bayyana. Nadama kuwa aro ce daga Larabci, kuma ta fi nauyi, don ita abokiyar tuba ce. Wanda ya yi laifi shi ke nadama.

To ki cika zancen da kanki. Da kin sani, da me? Yawancin matan da na ji wannan kalma a bakinsu ga yadda suke cikawa: da na tafi wankan gida, da na roƙi Inna ta zo, da mun ɗan ba da tazara. Idan naki ma haka yake, ba ɗan kike ƙi ba. Gajiya ce da ƙosawa, kuma Hausa ba ta taɓa ɓoye cewa akwai su ba. Dubi addu'ar da muke wa mai juna biyu: Allah ya sauke ki lafiya. Me ake saukewa in ba kaya ba? Uban jariri ma, da duk murnarsa, angon ƙarni ake ce masa. Alƙur'ani ya kira dukiya da 'ya'ya ƙawar rayuwar duniya a Suratul Kahfi, aya ta 46, sannan ya kira su fitina a Suratut Tagabun, aya ta 15. Fitina a can jarrabawa take nufi. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ta ƙara ma'anar rigima da damun mutane, har muka sami "fitinannen yaro". Uwar da ta kwana tana jijjiga ta san ma'anonin biyu.

Abin da nake gani ya same ki yana cikin kalmar jego. A gida, jego ba aikin mace ɗaya ba ne. Haihuwar fari a gaban iyaye ake yinta. Kwana 40 wata tsohuwa na hura itace tana dafa ruwa safe da yamma, ga ganyen darbejiya na wanka, ga kunun kanwa, ga ƙauri, ga ƙannen da ke rige-rigen ɗaukar jariri mai jego ta runtsa. Kalmar ta biyo mu Legas, mutanen da ke cikinta ba su biyo mu ba. A gidan haya banɗaki ɗaya ne, kina riƙe da bokiti kina jiran layi, yaro yana tsala kuka a ɗaki. (Ba duk abin da aka baro ne abin kewa ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa mai jego da shi da ciwon zuciya bayan haihuwa.) Muna cewa ɗa na kowa ne, amma an yi karin maganar ne a gidan da kowa ya san kakan kowa. A nan sai kin buɗe baki kin nema. Ki nema, ko wurin maƙwabciya Bayarabiya ce, su ma gwanayen goyo ne. In kuma baƙin cikin ya ɗauki makonni, ba ci ba barci ko da yaro ya yi shiru, wannan ya wuce aikin malamin harshe. Ki gaya musu a asibiti ranar rigakafi.

Tambaya ta biyu daga wani magidanci ce a Zangon Agege. Ya ce maƙwabta suna kiran matarsa da sunan 'yarsu ta fari, Maman wance, shi kuma Baban wance. Mahaifiyarsa ta zo daga Katsina ta ji, ta ce wannan rashin ta-ido ne. Yana tambaya: mene ne sunan al'adar da Hajiya ke karewa, kuma wa ke da gaskiya?

Malam, na yi dariya da na karanta, don haka aka yi a gidana. Tsohuwata tana zaune bisa tabarma tana gyaran wake, sai maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ƙwala wa maiɗakina kira da sunan ɗanmu na fari, ita kuma ta amsa da ƙarfinta. Tsohuwa ba ta ce uffan ba. Ta dai juya wa tagar baya, ta ci gaba da tsince waken.

Sunan al'adar shi ne kunyar ɗan fari, wasu su ce kara, wasu fulako, don Fulani sun fi kowa riƙo da ita. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma da an yaye shi sai a miƙa wa kaka riƙo. Sai dai ta ce "yaron nan", ko ta yi masa laƙabi. Wannan kauce wa sunan shi ake kira alkunya. Ga inda abin yake da daɗi: alkunya kalmar Larabci ce, kuma a wurin Larabawa ma'anarta a kira mutum da sunan ɗansa, Abu wane, Ummu wance, kamar yadda ake kiran Manzon Allah (SAW) Abul Ƙasim. Da ta zo ƙasar Hausa, kunne ya ji ta kamar 'yar'uwar kunya, sai ta koma nufin sakaya suna. Ke nan Yarabawan Agege da ke cewa Iya wane, Baba wane, su ne ke yin alkunya irin ta asali. A wurinsu girmamawa ce, don kama sunan yanka na wanda ya haihu raini ne. Hajiya tana kare sunan ɗa daga bakin uwa, su suna kare sunan uwa daga bakin jama'a.

Wa ke da gaskiya? Ni dai ban ga laifin amsawa ba, a Kano ma yanzu Maman wance ta cika gari. Amma muddin Hajiya tana gidan, ka ce wa iyalinka ta riƙa amsawa a hankali.

Na ƙarshe wani matashi ne daga Alaba Rago. Sun yi gardama da abokinsa a kan "ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa". Matashin yana cewa yaro ne mai yawan kuka, abokin ya ce ba haka ba ne.

Abokinka ya ci gardama. Itaciyar kuka ake nufi. 'Ya'yanta suna reto can sama, yara ba sa kai hannu, sai su yi ta jifa, uwar ce ke shan duwatsu. Haka ɗan da ya fita ya yi ɓarna, iyayensa ake zagi. A rubuce kalmomin iri ɗaya ne, amma a baki sun bambanta. Kukan hawaye namiji ne, karin sautinsa sama-sama, mu ce kukan yaro. Itaciyar mace ce, sautinta sama-ƙasa, mu ce kukar bulukiya. Ban ga laifinka ba. Wanda ya tashi a Legas a buhu ya san kuka, an daka an tankaɗe, mota ta kawo daga Arewa.